Shekara 70 ana taro kan tsatsa, gadoji ba su daina faɗuwa ba: ina amfanin ƙungiyoyin masana?

Dakta Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wani labari daga Turai da nake so mu baje shi a faifai. Tarayyar ƙungiyoyin masana tsatsa ta Turai, wato EFC, ta cika shekara 70 a 2025, domin a 1955 aka kafa ta. Babban taronta na shekara-shekara, EUROCORR, an yi shi a watan Satumba a Stavanger, cibiyar harkar man fetur ta ƙasar Norwe. Na 2024 a Paris aka yi, na 2023 a Brussels. Ga wanda bai san ta ba, uwa ce da ta tattara ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban, kuma yawancin aikinta kwamitoci ke yi. Akwai na ƙarfen da ke cikin teku, na rodin kankare, na mai da gas, na nukiliya, na motoci, na bututun ruwan sha, har da na kayan tarihin da ake tonowa daga ƙasa. Ɗalibaina kullum tambayarsu ɗaya ce: shiga irin waɗannan ƙungiyoyi na da amfani, ko kuwa sunan mutum kawai ake ƙara wa tsawo? Na ce bari in ji ta bakin waɗanda ke cikin aikin.

Mukhtar:
Wa alaikumus salam Dakta. A gafarce ni, amma shekara 70 ɗin ce ma hujjata. A 1971 kwamitin Hoar a Birtaniya ya ƙiyasta cewa tsatsa na cinye kusan kashi 3.5 cikin 100 na arzikin ƙasar a shekara. A 2002 binciken Amurka ya ce dala biliyan 276, kashi 3.1. A 2016 NACE, ƙungiyar injiniyoyin tsatsa da aka kafa a Amurka, ta fitar da na duniya baki ɗaya, dala tiriliyan 2.5, kashi 3.4. Shekara 45 tsakanin na farko da na ƙarshe, lambar tana nan inda take. To me aka tsinana a duk tarukan nan?

Dakta Sadiya:
Injiniya Mukhtar, ka ɗauko lambobi na gaskiya amma ka ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba. Na 2016 ɗin ba wai an bi duniya an auna ba ne. Binciken da wasu ƙasashe suka riga suka yi aka tattara, aka faɗaɗa shi kan sauran ƙasashe, don haka ba abin mamaki ba ne ya yi kama da na baya, daga jikinsu ya fito. Na biyu kuma, a cikin lissafin har da kuɗin kariya. Fentin da aka saya, tutiyar da aka lulluɓe ƙarfe da ita, ƙarin kuɗin ƙarfe mara tsatsa, duka an zuba su a ciki. Wato ƙasar da ta ƙara kula da ƙarfenta, lambar ba lallai ta ragu ba. Shi dai rahoton abin da ya ce shi ne za a iya ceto kashi 15 zuwa 35 na wannan kuɗi da ilimin da ake da shi yanzu.

Mukhtar:
"Da ilimin da ake da shi yanzu." Na gode Dakta, kin taya ni. Ilimi na nan, ba a aiki da shi.

Alhaji Garba:
Mukhtar ɗana, ka bar ni in sa baki, tun da ni na ga jiya na ga yau. Motar shekarun 1970 a ƙasashen da ake zuba gishiri kan titi lokacin ƙanƙara, kafin ta tsufa ƙasanta ya hudu. Daga shekarun 1980 aka koma ƙera jikin mota da ƙarfe mai rufin tutiya ana tsoma shi cikin fenti da lantarki, yau kamfanoni na ba da garantin shekara 10 ko 12 cewa ba za ta hudu ba. Wannan ba daga sama ya faɗo ba.

Ka zo ɓangarena na bututu. NACE da ka ambata injiniyoyi 11 ne suka kafa ta a Houston a 1943, dukansu ma'aikatan bututun mai da gas, saboda bututunsu na yoyo kuma kowa na fama shi kaɗai. Abin da suka haɗu a kai shi ne kariyar katod: ka sa ƙaramar wutar lantarki ta riƙa shiga bututun daga ƙasa, ko ka binne masa ƙarfen fansa, tutiya ko magniziyam, wanda zai ci kansa a madadin bututun. Dabarar tsohuwa ce. Humphry Davy ya gwada ta a 1824 kan jan ƙarfen da ake lulluɓe ƙasan jiragen ruwan sojan Ingila. Ta yi aiki, har ta wuce gona da iri, domin da jan ƙarfen ya daina narkewa sai ciyayi da ƙwarin teku suka samu wurin maƙalewa, jirgi ya rage gudu, aka watsar da ita. Amma abin da nake so ka lura da shi: sanin dabara daban, sanin ma'auni daban. Yaushe za ka ce bututu ya samu kariya? A 1933 Robert Kuhn ya kawo lambar milibolt 850 ƙasa da sifiri, in an auna da sandar jan ƙarfe mai ruwan salfet. Ƙungiya ce ta ɗauki wannan ta rubuta shi ya zama ƙa'ida, hukumomi suka ɗauka suka sa a doka. Ni da na yi rayuwata ina bin layi da mita a hannu, wannan lambar ce ta raba ni gardama da manaja sau ba adadi. Ba ra'ayina nake kai masa ba, takarda nake ajiye masa.

Nura Mai Fenti:
Ranka ya daɗe Alhaji, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ni da ke riƙe da bakin tiyo, ban taɓa ganin ɗan kwamiti a ƙarƙashin tanki ba. Ƙa'ida ta ce a wanke ƙarfe da feshin yashi har ya kai matakin tsaftar da ake kira Sa 2½, a gwada gishiri a jikinsa, kada a yi fenti sai zafin ƙarfen ya ɗara na saukar raɓa da digiri 3, kada laima ta wuce kashi 85. Mun haddace. Sai ɗan kwangila ya zo da asuba ya ce jibi za a miƙa aiki, ƙarfe na jiƙe da raɓa, ya ce a fesa. In ka ƙi, akwai wanda zai yi. Wa zan kai wa ƙara, EFC?

Malam Idi (mai kula da zaure):
Nura ya taɓo inda ke ciwo. A ci gaba, amma a bar sunan kamfanoni da na mutane a waje don Allah.

Dakta Sadiya:
Malam Nura, ba zan musa maka ba, zan ma ƙara maka makami. A watan Mayun 1985 rufin kankare na wani wurin ninƙaya ya rufto a Uster, ƙasar Suwizalan, mutum 12 suka rasu. Da sandunan ƙarfe mara tsatsa aka rataye rufin. A wancan lokacin abin da aka yarda da shi shi ne irin wannan ƙarfe ba ya tsagewa saboda kuloraid sai zafi ya haura digiri 50 zuwa 60. Ashe tururin ruwan da aka zuba wa kulorin yana hawa sama, ya bushe a jikin sanda, gishirin ya taru, ba ruwan da ke wanke shi, ga kuma nauyi yana jan sandar. Ta tsage daga ciki alhali daga waje ba wani abin tayar da hankali. Wannan karon za a iya cewa ilimi ne ya gaza. An yi bincike, an rubuta, an faɗi irin ƙarfen da ya dace, mai molibdinam da yawa. Sai ga shi a 2001, shekara 16 bayan haka, rufin wani wurin ninƙaya ya sake faɗowa a Steenwijk ta ƙasar Holan, dalili iri ɗaya. Allah ya sa ba kowa a ciki. Wannan na biyun ba ilimi ne ya gaza ba, bai isa wurin mai sayen noti da ƙusa ba ne.

Hajiya Bilki:
Ni a ɓangaren ruwan sha nake, kuma misalin da ba ya barin raina shi ne Flint a Amurka. A watan Afrilun 2014 garin ya daina karɓar ruwa daga Detroit ya koma ɗiba daga kogin Flint. Ruwan kogin ya fi yawan kuloraid, kuma ba a zuba masa sinadarin fosfet da ke sa wani ɓawo ya kwanta a cikin tsofaffin bututun dalma ba. Ɓawon ya saki, dalma ta shiga ruwan da yara ke sha. Abin takaicin, tun a watan Oktoban shekarar masana'antar injin mota ta General Motors da ke garin ta daina amfani da ruwan saboda yana cin kayan injinta. An ji kukan injin kafin a ji na mutane. Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne, duk wanda ya yi aikin tace ruwa ya san shi, dokar ƙasar ma ta tanadi a kula da shi tun 1991.

Mukhtar:
To kun gani. Ku ƙara da gadar Morandi a Genoa, Italiya. An buɗe ta 1967, ta karye ranar 14 ga Agusta 2018, rai 43. Shi kansa Riccardo Morandi da ya zana ta ya rubuta tun 1979 cewa iskar teku da hayaƙin masana'antu na cin ta, a kula. Igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da ita a cikin kankare aka binne su. A farkon shekarun 1990 an ƙarfafa igiyoyin ginshiƙi ɗaya, na 11. Na 9 da ya faɗi ba a yi masa irin wannan gyara ba. Italiya tana cikin EFC, tana da manyan masanan tsatsar kankare. Me ya hana?

Zainab:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, a yi haƙuri da tambayata. An koya mana cewa kankare na kare rodi. In haka ne me ya sa igiyoyin da aka binne cikin kankare suka ci?

Mukhtar:
Ƙanwata tambayarki ta fi gardamarmu amfani. Sabon kankare ruwan cikinsa na da kaifin alkali, ma'auninsa wajen 13, wannan ke sa wata fata siririya da ido ba ya gani ta rufe rodi. Abu biyu ke karya ta. Iskar kabon ta shiga a hankali ta rage kaifin, ko gishiri ya ratsa ya kai jikin ƙarfen. Da rodi ya fara tsatsa sai ya kumbura, don tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri ninki biyu zuwa sama, sai ta fasa kankaren, ruwa ya ƙara samun hanya. A rodin gini wannan fashewar ma gargaɗi ce, kana gani. A igiyar da aka ja aka ɗaure kuwa, in an bar rami a cikin simintin da aka ɗura mata, ruwa zai kwanta a wurin ya ci wayoyin ɗaya bayan ɗaya, daga waje kankare lafiya lau. Shi ya sa sabuwar gadar da aka buɗe a wurin a 2020 aka sa mata na'urar busar da iska a cikin cikinta.

Zainab:
Na gode Yaya Mukhtar, Allah ya ƙara sani.

Alhaji Garba:
Mukhtar, kana tambayar me ya hana, kamar ƙungiyar masana ce ke riƙe da kasafin gyaran gada. Ba ita ba ce, kuma ba za ta taɓa zama ba. Mai sa hannu kan kuɗi yana ganin gyara a matsayin asarar bana, faɗuwa kuwa matsalar wanda zai gaje shi ce. Abin da ke canza wannan lissafi doka ce, doka kuma sai ta samu abin da za ta jingina da shi. Dubi gadar Silver a kan kogin Ohio. Ta faɗi ranar 15 ga Disamba 1967, mutum 46. Tsaga ce da ba ta kai milimita 3 ba a cikin ido ɗaya na sarƙar ƙarfen da ke riƙe da ita, tsatsa da nauyi suka haɗu suka haifar da ita, a wurin da ba mai gani sai an kwance gadar. Bayan nan ne Amurka ta kafa ƙa'idar duba gadoji ta ƙasa a 1971, a duba kowace gada aƙalla duk shekara 2, a rubuta. Su wa suka zauna suka tsara me za a duba da yadda za a duba? 'Yan kwamitin nan ne da Nura bai taɓa gani a ƙarƙashin tanki ba.

Nura Mai Fenti:
Alhaji ka rama, na ji. Amma sai da mutum 46 suka tafi.

Alhaji Garba:
Haka ne. Ban ce abin alfahari ba ne.

Malam Idi (mai kula da zaure):
Tun da an zo nan, bari in jefo tawa. A watan Janairun 2021 NACE da SSPC, ƙungiyar masu fentin ƙarfe da aka kafa 1950 a Pittsburgh, sun haɗe sun zama AMPP. Yanzu takardar shaidar sufeton fenti da yawancin kamfanonin mai ke nema a hannun gida ɗaya take. Wasu na cewa hakan ya rage ruɗani, wasu na cewa satifiket ya zama kasuwa. Me kuka gani?

Nura Mai Fenti:
Yallabai ni na gani da idona. Akwai sufeton da ya zo mana da satifiket sabo fil, yana da na'urar auna kaurin fenti, yana ta danna ta a tsakiyar faranti inda kowa ya san kauri zai cika. Bai leƙa gefen ƙarfe ba, bai leƙa bayan noti ba, bai taɓa kan walda ba. Alhali nan ne fenti ke janyewa ya yi siriri, shi ya sa ake bi da burushi a yi wa gefuna shafe na musamman kafin a fesa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsatsa ba ta farawa daga tsakiyar faranti. Amma kuma na yi aiki da wata sufeto da ta tsayar da mu wuni guda saboda gishiri ya yi yawa a jikin ƙarfe bayan feshin yashi, ta sa aka wanke da ruwa mai daɗi aka sake. Mun ji haushinta ranar. Su biyun takarda iri ɗaya ke hannunsu.

Hajiya Bilki:
To ka ga ba takardar ba ce matsala. Wa ke biyan kowannensu?

Nura Mai Fenti:
Hajiya kin gano. Na farkon ɗan kwangila ne ya kawo shi. Ta biyun mai kayan ne ya turo ta.

Dakta Sadiya:
Nan ne nake ganin amsar da zan ba ɗalibaina take. Ni ba na auna ƙungiya da yawan maƙalun da aka karanta a taro, ko da yake daga nan ake farawa. Ina auna ta da yawan abin da ta rubuta wanda ya shiga takardar kwangila. ISO 12944, ƙa'idar duniya kan fentin ƙarfe, ta raba muhalli daga C1, cikin ɗaki mai bushewa, zuwa C5, bakin teku da masana'antu, a 2017 aka ƙara CX na tsakiyar teku. Da zarar mai kaya ya rubuta aji da shekarun da yake so fentin ya kai, ya rubuta cewa sufeto nasa ne kuma yana da ikon tsayar da aiki, Malam Nura ya samu abin da zai nuna wa mai cewa a fesa kan raɓa. Haka ƙa'idar MR0175 da NACE ta fitar a 1975 kan ƙarfen da zai yi aiki a rijiyar mai iskar salfa mai guba, wadda daga baya ta zama ISO 15156, kwamitocin EFC na mai da gas ma da hannunsu a ciki. Yau ba mai sayen bututun irin wannan rijiya ba tare da ya ambace ta ba.

Mukhtar:
Na yarda da rabin maganar. A harkar mai ta yi aiki, saboda in bututu ya fashe mai shi ne ke asara nan take, ga inshora a kansa. Gada da ruwan famfo fa? Mai yanke hukunci ba shi ke bi ta kan gadar kullum ba. A nan ne ƙungiyoyin suka yi shiru da yawa. Ranar 24 ga Afrilu kowace shekara ana ranar wayar da kai kan tsatsa ta duniya, masana su taru su wayar da kan juna.

Alhaji Garba:
Wannan ta ƙarshen ka same su, ba zan kare su ba. Amma ka sani injiniyan da ya fito ya ce gadar wane za ta faɗi, aikinsa ne a bakin ƙofa. Ƙungiya ce kaɗai za ta iya faɗa ba a kore ta ba. In ba ta yi, a matsa mata daga ciki, ba a tsaya a waje ana jifa ba. Kai ka biya kuɗin mamba?

Mukhtar:
Baba ai ka san ban biya ba.

Zainab:
Dakta, to mu da muke shirin gamawa, da wanne za mu fara, karatu mai zurfi ko satifiket na sufeto?

Dakta Sadiya:
Ya danganta da inda zuciyarki take Zainab. In bincike kike so, akwai buɗaɗɗen fili yanzu: bututun da aka gina don gas ana so a tura haidirojin ta cikinsu, ita kuwa tana shiga jikin ƙarfe ta sa shi gautsi, ginshiƙan injin iska a cikin teku, bututun ɗaukar iskar kabon, da neman abin da zai maye gurbin kuromet, sinadarin hana tsatsa wanda Turai ta takura amfani da shi saboda yana jawo kansa. Shiga reshen ɗalibai na ƙungiya ki riƙa karanta abin da kwamitoci ke fitarwa, a nan za ki san tambayar da ba a amsa ba tukuna.

Nura Mai Fenti:
In kuma satifiket ne, ƙanwata, kafin ki zauna jarrabawa ki samu inda ake feshin yashi ki sa hular ki tsaya a ciki. Ki riƙe madubi da tocila ki duba bayan ƙarfe da kanki. Kuma ranar da aka ba ki aiki, tambayar farko ki ji wa zai sa hannu kan albashinki, mai kaya ko ɗan kwangila.